Rawar Hannu

Terasawa Kuniyo ba ta yi mini sannu da zuwa ba.
Ta dubi takalmana na ofis, ta dubi tafin hannuna,
ta nuna tulin yumɓu a bayan rumfa,
ta ce, "Shinpei, kwaɓa."
Shekara biyu ina kwaɓawa.
Sau biyu dusar ƙanƙara ta toshe hanyar ƙauyen,
ban taɓa faifan juyi ba, sai in zan goge shi.

Daga gindin dutse take haƙo yumɓunta,
inda mijinta ya kafa sanda kafin ya rasu.
Takan ɗora shi a harshe
kamar mai ɗanɗana gishirin miya.
In bai yi mata ba ta tofar,
mu gangaro gida da buhu wayam.

Da asuba ƙafarta ke harbin faifai.
Curi ya hau yana tangaɗi,
ta rungume shi da tafi biyu har ya nutsu,
babban yatsa ya nutse,
kwano ya buɗe baki.

Tanderunmu kwance yake a jikin tudu,
ɗaki huɗu, kowanne na miƙa wa na sama wuta.
Kwana biyar ba runtsawa,
ina jefa itacen da na faskara tun bara,
girata ta babbake,
ita tana leƙen rami, tana karanta launin wuta,
ta ce ƙara, ko ta ce dakata.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Mu mun dafa, romon ne ba kullum ake sha ba:
ɗari uku muka jera,
saba'in da ɗaya suka fito da rai.
Sauran na guduma ne.
Bayan rumfa akwai tsibin fasassu da ya fi ni tsawo,
shekara hamsin na aikinta,
kuliyoyi ke shan hantsi a kai.

A shekara ta shida hannunta na dama ya fara rawa.
Cokali na buga kofi, allura ta gagari zare.
Kwanukan suka fara fitowa da 'yar igiya a wuya,
kamar sawun iska a kan tafki.
Dillali ya taso daga Tokyo da farin safar hannu,
ya ɗaga ɗaya a haske, ya yi ajiyar zuciya,
ya ce wannan salon sai wanda ya ƙure sana'a,
ya ninka kuɗin sau uku.
Ta karɓa ta rusuna.
Da motarsa ta sha kwana
ta yi dariya har da tari:
"Likita ma kuɗi yake karɓa don ya kalle ta."

Ni kuwa nawa kwanukan a miƙe suke fitowa,
sumul, ba mai tambayar farashinsu.
Wani dare na zauna ni kaɗai,
na sa yatsana ya ɗan karkarwa da gangan.
Igiyar ta fito, kamar tata sak.
Da safe ta tsaya a kan katakon shanya,
ta daɗe tana kallo,
sannan ta danna shi da tafi ya koma curi.
"Kada ka ari ciwona," ta ce.
"Naka na nan tafe. Jira shi."

Yanzu ni ke harbin faifai.
Ita tana zaune kusa da murhu da bargo a gwiwa,
shayi na zuba a hannun rigarta.
Jiya na kawo mata sabon yumɓu a bakin cokali.
Ta juya shi a baki, ta lumshe ido,
ta ce yashi ya yi yawa,
in koma can sama da sandar, wajen taku goma,
kuma in rufe ƙofa, sanyi na shigowa.